Sifilin Baba Ɗantani

A saman shagon Maame Adwoa, nan Aboabo,
inda fanka ke juyi kamar mai ciwon wuya,
na gina wa 'yan adashin Kejetia rumbu.
Ba na dawa ba, na sunaye:
kowa da layinsa, kowane layi da gurabensa,
suna, lambar waya, ajiya.

Manhajar da ke kai-komo tsakanina da rumbun
'yar aike ce marar surutu.
Takan ɗauko layi ta tsayar min da shi kamar mutum,
in na liƙa alamar tambaya a wutsiyar gurbi
sai ta amsa da kalma ɗaya.
Ajiya? E.
Ajiya? A'a.
Aikin yini ya koma ƙiftawar ido.

Shugaba ya ce, share mana masu rajistar banza,
waɗanda suka ba da suna ba su taɓa zubi ba.
Na tambaye ta, ta ware mutum goma sha bakwai.
Na danna. Na sauka shan koko.

Ran Talata bayan la'asar
sanda ta fara ƙirga matakala,
ɗaya, hutu, ɗaya.
Baba Ɗantani mai albasa,
shekara goma sha tara yana zubi,
tun ina tsallen igiya a lungu.

"Sherifatu, an ce ba ni cikinku."

Ya buɗe littafin da gumi ya jeme,
ya ɗora yatsa a shafin ƙarshe:
sifili, kewayayye, da jan biron Sakatare Muniru.
"Wannan ƙwan ni na saka shi.
Watan jiya na kwashe kaf,
sidi dubu huɗu da ɗari biyu,
aka yi wa Abiba aikin ido.
Jiya ita ta zura zare a allura."

Daren nan aka ɗauke wuta.
Na zauna da sauran numfashin batir
ina yi wa 'yar aiken tambayar alkali.
Gurbin da ba a taɓa rubuta komai ba? A'a.
Gurbin da yatsa ya zame ya bar fili kawai? A'a.
Sifili? A'a.
To Fuseini direba fa,
da ya ci bashin ɗari uku, lambarsa na ƙasa da ƙasa?
E, in ji ta. Ai akwai wani abu a wurin.

Na yi dariya ni kaɗai,
irin wadda ba ta kai ciki.

Ƙarya dai ba ta yi min ba.
Ni na ce "akwai?"
zuciyata na nufin "an taɓa?"
Ita kuwa duk babu a wurinta babu ce.
Ba ta san tukunyar da aka cinye tuwonta
ta bambanta da wadda ba ta taɓa hawa murhu ba.
Leƙa su, duk wayam,
amma ɗaya tana da ƙanzo.

Na cire alamar tambayar,
na rubuta doguwar hanya, layi uku maimakon ɗaya:
kar ki gaya min nawa ne,
gaya min ko hannu ya taɓa sauka a nan.
Cikin goma sha bakwai, huɗu suka dawo.
Sauran ukun ba su ma san sun fita ba,
wannan ne ya hana ni barci.

Da safe ina tsallake kwata zan tari tirotiro
sai ga shi a bakin shago, da sanda, da leda.
Albasa shida, manya, na Bawku.
Ya zaro sidi biyar a aljihun gaba,
ya miƙe ta a kan gwiwa, ya ba ni.

"Ɗora a kan ƙwan nan," in ji shi,
"mu gani ko zai ƙyanƙyashe."